Kufan Alƙalawa: Tarihin Ziyara da Matsayin Jagora a Ƙasar Gobir

Tsakure

Alƙalawa, babban birnin Gobir wanda ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1808, a yau kufai ne a ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato. Duk da haka ƙafa ba ta ɗauke daga wurin ba. Zuriyar sarakunan Gobir na zuwa ganin makwancin kakanni, ɗalibai na zuwa neman tarihi, wasu kuma na zuwa da buƙatun da bai halatta a kai su ga kowa ba sai Allah. Wannan maƙala ta bibiyi tarihin birnin da na garuruwan da suka gaje shi, wato Tsibiri da Sabon Birni da Isa, domin ta nuna cewa hukuncin ziyararsa ya rataya ga sanin tarihinsa, kuma wanda ke riƙe da wannan sani a aikace shi ne jagoran da ke shiga gaban baƙo.

Gabatarwa

Ƙasar Hausa cike take da kufai, amma kaɗan ne daga cikinsu suka shiga tarihin Musulunci na wannan yanki kamar yadda Alƙalawa ta shiga. A fadarta Shehu ya tsaya gaban sarakuna yana yi musu nasiha, daga cikinta aka fitar da dokokin da suka ƙuntata wa jama'arsa, kusa da ganuwarta aka zubar da jinin malamai da mahaddata, kuma faɗuwarta ce ta tabbatar da kafuwar daular Sakkwato. Wanda ya isa wurin a yau zai tarar da gonaki da tuddan tsohuwar ganuwa da kaburbura, daga cikinsu har da wanda ake nunawa a matsayin makwancin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo. Ba zai gane kome ba daga abin da yake gani sai an nuna masa. Dole ya nemi ɗan gari ya shiga gabansa, ya ce masa nan ne fada, nan ne ƙofa, nan aka rufe wane.

Daga nan tambayoyi biyu ke tasowa. Mene ne jagoran zai faɗa game da mutanen da ke kwance a wurin? Mene ne kuma maziyarcin zai aikata idan aka tsaya da shi a kan kabari? Tambaya ta farko ta tarihi ce, ta biyu ta fiƙihu, amma amsar ta biyu tana bin ta farko. Wanda aka gaya wa cewa birnin kafirai ya shigo zai wuce bai yi wa kowa addu'a ba. Wanda aka gaya wa cewa mai kabarin yana biyan buƙata zai iya ɗibar ƙasa ya ƙulle a haɓar rigarsa. Dukansu biyu jagora ne ya kai su inda suka tsaya.

Kafuwar Alƙalawa

Gobirawa ba a kwarin Rima suka fara zama ba. Tarihinsu ya nuna sun gangaro ne daga ƙasar Azbin, suka yi zama a wurare da dama, mafi shahara Birnin Lalle da ke cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kawo ruwayar da ke danganta asalinsu da Kibɗawan Masar. Matsin Abzinawa daga arewa da kwaɗayin fadamun kudu su suka riƙa turo su ƙasar Zamfara a ƙarni na 18. Ruwayar baka ta ce Sarkin Zamfara ya saukar da su a gonakin alƙalinsa a bakin gulbi, daga nan wurin ya samu sunan Alƙalawa.

Baƙin sun yi ƙarfi har suka fi masu masauki. A zamanin Sarkin Gobir Babari aka gina birnin aka kewaye shi da ganuwa, kuma wajen shekarar 1762 Gobirawa suka ci Birnin Zamfara da yaƙi, sarautar Zamfara ta watse zuwa Kiyawa da wasu garuruwa. Cikin ɗan lokaci Alƙalawa ta zama cibiyar mulki da kasuwanci mafi ƙarfi a yammacin ƙasar Hausa, tana karɓar fatake daga Azbin da Katsina da Kabi. Abdullahi Rafi Augi ya yi nazari mai zurfi a kan wannan zamani a kundin digirinsa na uku na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarar 1984.

Abin lura ga mai nazarin addini shi ne sunan birnin kansa. Wurin da aka sa wa suna daga muƙamin alƙali wuri ne da shari'ar Musulunci ta riga ta shiga kafin a aza tubalin ganuwarsa. A fadar Gobir akwai limamai da alƙalai da malaman da ke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, ana sallar Idi, ana azumi. A cikin wannan fada kuma akwai Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori, kuma tana da faɗa a ji a al'amuran mulki. Wannan gauraye shi ne abin da malaman jihadi suka kira tahliɗi, kuma a kansa aka yi jayayya har ta kai ga zare takobi.

Shehu a fadar Gobir

An haifi Shehu Usmanu a Maratta cikin ƙasar Gobir a shekarar 1754, ya tashi a Ɗegel. Saboda haka sarakunan Alƙalawa su ne sarakunan ƙasarsa, kuma ya yi zamani da huɗu daga cikinsu a lokacin wa'azinsa: Bawa, da Yakuba, da Nafata, da Yunfa. Hulɗarsa da kowannensu ta sha bamban, kuma duk jagoran da ya haɗa su a buhu ɗaya ya zalunci tarihi.

Mafi shaharar haɗuwarsa da Bawa ita ce ta Magami, a filin Idin babbar salla, wajen shekarar 1788 zuwa 1789. Bawa ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu miskali 500 na zinariya. Shehu bai karɓa ba, ya nemi a musanya masa da abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su duka. Ba da daɗewa ba ya rasu, bayan karon da Gobirawa suka sha a hannun Katsinawa a Ɗankaishi. Jerin sunayen sarakuna sun saɓa a kan shekarar rasuwarsa, amma duk sun haɗu a kan cewa ya bar duniya shekaru masu dama kafin hijira, bai taɓa ɗaga makami a kan jama'ar Shehu ba.

A zamanin Nafata al'amari ya juya. Aka yi shela cewa ba mai yin wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma addinin ubansa, maza su bar naɗa rawani, mata su bar lulluɓi. Da Yunfa ya hau gado sai tsamin ya ƙaru, har rundunar Gobir ta afka wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana. A watan Zulƙida na shekarar 1218 bayan Hijira, daidai da Fabrairun 1804, Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'a suka yi nasara. Amma a ƙarshen shekarar, lokacin da suka matso Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa suka same su a Tsuntsuwa, kusa da birnin, aka yi musu ɓarna mai yawa. Majiyoyin jihadi sun ambaci shahidai kimanin 2,000, daga cikinsu 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Ke nan ƙasar da ke kewaye da kufan ta rufe sarakunan Gobir, ta kuma rufe ɗaliban Shehu.

Faɗuwar birni da rabuwar magada

Bayan yunƙuri fiye da ɗaya, rundunar jama'a ƙarƙashin Muhammadu Bello ta shiga Alƙalawa ranar 3 ga Oktoban 1808, a shekarar 1223 bayan Hijira. Yunfa ya mutu a wurin tare da jarumansa. Birnin bai sake zama mazaunin sarauta ba. Sai dai Gobirawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba, suka riƙa kafa sansani suna tashi. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ga harin da rundunar Sakkwato ta kai wa garinsu na Konya a shekarar 1826 da idonsa. A shekarar 1836 Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Bayan haka Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi.

Daga wannan lokaci gadon Alƙalawa ya rabu gida uku. Tsibiri ta riƙe sarautar da ba ta bi Sakkwato ba, tare da muƙaman fada na dauri, har da na Inna. Isa ta zama ribaɗin daula, wato garin tsaron iyaka, a hannun zuriyar Muhammadu Bello, kuma mai riƙe da ita ake kira Sarkin Gobir na Isa. Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta nan a shekarar 1853 a hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, ya siffanta ta da sansani mai ganuwa da aka kafa don tare Gobirawa da Maraɗawa. Sai kuma Sabon Birni, wanda Ɗan Halima, ɗan gidan sarautar Gobir da ya ɓalle daga Tsibiri, ya kafa bayan tsakiyar ƙarni na 19 kusa da tsohon kufan. Da Turawa suka zo, Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, yarjejeniyoyin iyaka na 1904 da 1906 tsakanin Ingila da Faransa suka bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa da kufan Alƙalawa a hannun Ingila.

Wannan rabuwa ce ta haifar da ruwayoyi mabambanta game da wuri ɗaya. A bakin zuriyar Gobir, daga kowane ɓangare na iyaka, Alƙalawa gidan kakanni ne da aka rasa, Bawa kuwa gwarzo ne da ƙasashe suka ji tsoro. A littattafan Sakkwato, kamar Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo da Infaƙul Maisuri na Bello, birni ne da ya tsaya wa gaskiya a hanya har Allah Ya buɗe shi. Jagoran da ke tsaye a kufan yana ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan ruwayoyi, sau da yawa ba tare da ya san ɗayar ba.

Daga Inna zuwa Jaji

Shugabannin jihadi sun fahimci cewa rushe fada ba ya kawar da buƙatar da ke kai mutane wurin masu bori. Mace mai ciwo ko mai neman haihuwa ko wadda aka kamo a yaƙi tana buƙatar wadda za ta saurare ta, ta kuma nuna mata inda za ta nufa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta tsara amsar wannan buƙata. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda matan ƙauyuka ke tasowa ƙungiya ƙungiya zuwa wurinta, kowace ƙungiya ƙarƙashin dattijuwa mai ilimi da ake kira jaji. Asma'u kan naɗa jaji ta hanyar ba ta malfa da jan rawani. Jean Boyd, wadda ta daɗe tana nazarin rayuwar Asma'u a Sakkwato, ta lura cewa wannan shiga ta yi kama da ta Innar Gobir, kuma da gangan aka ɗauko alamar da mata suka sani aka ɗora ta a kan wani aiki dabam.

Aikin jaji shi ne ta jagoranci tafiya, ta tsare mutuncin matan a hanya, ta kai su inda za su koyi tauhidi da tsarki da salla, sa'an nan ta komo da su gida da abin da za su koyar. Bayan rasuwar Shehu a shekarar 1817 da rufe shi a gidansa na Sakkwato, wurin da aka sani da Hubbare, da rasuwar Bello a 1837 da rufe shi a Wurno, ziyarar waɗannan wurare ta shiga cikin tafiyar 'Yan Taru, kuma ta ci gaba bayan Asma'u. Darasin da ke nan shi ne malaman Sakkwato ba su hana tafiya ba, ba su kuma bar ta sakaka ba. Sun sa mai ilimi a gaban ayari.

Hukuncin tsayawa a kufan

Asalin ziyarar kaburbura sananne ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Buraida, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta da farko sa'an nan ya yi izini da ita, kuma wasu ruwayoyin sun bayyana dalili, wato tana tunatar da Lahira. A mazhabar Malikiyya, Muhtasar na Halil ya halatta ta ba tare da ƙayyade lokaci ba, Risala ta Ibnu Abi Zaidin kuma ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Alƙur'ani kuwa ya yi umarni a wurare da dama, kamar a surar Ali Imrana da surar Rum, da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata. Ke nan zuwa Alƙalawa domin wa'aztuwa da sanin tarihi yana da tushe biyu a shari'a.

Akwai masu ƙiyasta kufan da Hijir, mazaunin Samudawa, inda Manzon Allah ya bi da sahabbansa a hanyar Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana su shiga sai suna masu kuka, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin wurin. Wannan ƙiyasi bai daidaita ba. Samudawa al'umma ce da nassi ya tabbatar da halakarta da azaba daga sama bayan ta ƙaryata annabinta. Alƙalawa kuwa birni ne da aka ci da yaƙi, a cikinsa akwai masallata da malamai, kuma hukuncin da shugabannin jihadi suka yanke ya shafi sarakunan da suka yaƙi jama'a da waɗanda suka taimake su. Shehu da kansa ya saɓa wa malaminsa Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai. Sarkin da ya yi sallar Idi tare da malamai, ya amsa buƙatun Shehu biyar, ya rasu kafin yaƙi, babu hujjar da za ta hana a yi masa sallama irin ta ma'abota kaburbura a roƙa masa gafara, balle talakawan da ke kwance kewaye da shi, balle shahidan Tsuntsuwa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, Shehu bai yi sassauci ba game da abin da ake aikatawa a irin waɗannan wurare. A Nurul Albabi ya ambaci masu girmama itatuwa da duwatsu ta hanyar yi musu yanka ko zuba musu ƙullu, ya sanya aikinsu cikin abin da ke warware Musulunci. A Ihya'us Sunna ya lissafa shafar kabari da ɗibar ƙasarsa don neman tabarruki cikin bidi'o'i. Tushen wannan yana cikin Sunna: a hanyar Hunainu wasu sababbin shiga Musulunci sun roƙi Manzon Allah ya sanya musu itaciyar da za su riƙa rataya makamai don neman albarka kamar yadda mushirikai ke yi, ya yi musu inkari mai tsanani.

A kan wannan batu ne aka yi muhawarar da ta fi kowace shahara a tarihin yankin. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya rubuto wa shugabannin jihadi yana cewa irin waɗannan ayyuka jahilci ne da saɓo, ba su kai a kafirta ƙasa a yaƙe ta ba, har ya kawo misalin wata itaciya a Dimyaɗ ta ƙasar Masar wadda jahilai ke girmamawa alhali garin cike yake da malamai. Bello ya mayar da amsa, kuma ya adana wasiƙun a Infaƙul Maisuri. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kan haramcin aikin ba. Saɓaninsu a kan hukuncin mai aikin ne da na sarkinsa.

Haka nan saɓanin da ya biyo baya. Malaman ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna ganin halaccin tawassuli da salihan bayi, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a shekarar 1978 tana hana shi, kuma jayayya a kan ɗaura niyyar tafiya domin kabari ta daɗe tun zamanin Ibnu Taimiyya da Taƙiyyuddin Subki. Amma wannan saɓani bai shafi kabarin Bawa ba, domin babu wanda ya ce Bawa waliyyi ne. Sarki ne. Duk wanda ya yi yanka a wurin, ko ya roƙi mai kabarin haihuwa ko sarauta ko nasara, ya fita daga abin da dukan ɓangarorin suka yarda da shi.

Matsayin jagora

Musulmi sun daɗe da sanin muhimmancin mai shiga gaban baƙo a wurare masu alfarma. A Makka akwai muɗawwifai, a Madina akwai masu kai alhazai ziyara, kuma alhazan ƙasar Hausa sun san cewa yawancin abin da baƙo ke faɗa da aikatawa a can daga bakin jagoransa yake ɗauka. Wasu al'ummu ma sun san haka. A ƙasar Japan, babban wurin bautar addinin Shinto da ke Ise, wanda ake sake gina shi duk bayan shekara 20, ya daɗe yana da wasu ma'aikata da ke zagaya ƙasa suna tara maziyarta, su saukar da su a gidajensu, su zagaya da su, su kuma shirya musu bauta ta musamman a kan lada, har gwamnati ta soke muƙaminsu a shekarar 1871. A can zagayawa da bauta hannu ɗaya ke riƙe da su, baƙo na iya farawa da kallo ya ƙare da rusunawa bai lura da inda ya ƙetare ba. Musulmin da ya je irin wannan wuri don ilimi ya san iyakarsa a fili take. A Alƙalawa iyakar ta fi ɓoyuwa, domin mai kabarin sunan Musulmi gare shi, maziyarcin kuma da Fatiha yake farawa.

Saboda haka jagoran kufan yana ɗauke da amana biyu. Ta farko amanar labari: ya bambanta Bawa da Yunfa, ya ambaci Magami kamar yadda zai ambaci Tsuntsuwa, ya rarrabe abin da ke rubuce da abin da aka ji daga kakanni, kada ya ƙara gishiri don baƙo ya ji daɗi ya ƙara masa goro. Ta biyu amanar aiki: ya koya wa baƙo sallamar da Sunna ta zo da ita, ya hana shi taka kabari ko zama a kansa ko fuskantarsa da salla, ya kuma faɗa masa a fili cewa wanda ke kwance a nan shi ke buƙatar addu'a. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Idan ɗan garin ya san rabin labari kawai, rabin nan baƙo zai tafi da shi, ya kuma koyar da shi.

Kammalawa

A 'yan shekarun nan ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni suna cikin wuraren da ta'addancin 'yan bindiga ya fi yi wa illa. Ƙauyuka sun tashi, dubban mutane sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi, kuma a watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Hanyar da malami zai bi da ɗalibansa zuwa Alƙalawa ta zama abin tsoro. Dattawan da suka san inda kowace ƙofa take da wanda ke cikin kowane kabari suna watsewa, wasu suna rasuwa a gudun hijira, kuma abin da ke cikin kawunansu bai shiga takarda ba. Garma da ruwan gulbi kuma ba su daina cin abin da ya rage na ganuwa ba.

Aikin da ke gaban sassan nazarin addinin Musulunci da na tarihi, da cibiyoyi irin su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, shi ne su riski waɗannan dattawa a inda suke, a Sabon Birni da Isa da Tsibiri da sansanonin gudun hijira, su rubuta ruwayoyinsu, su gwama su da abin da Abdullahi da Bello suka rubuta. Daga nan a fitar da ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, wanda ya haɗa tarihin wurin da ladubban ziyara, a kuma horar da matasa daga zuriyar Gobir da ta Sakkwato su riƙa jagoranci tare. Asma'u ta riga ta nuna cewa ana iya yin haka, lokacin da ta ɗauki malfar da matan Gobir suka sani ta ɗora wa mai koyar da tauhidi. Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya aka koma ziyara, ya kamata maziyarci ya tarar da wanda zai nuna masa kabarin Bawa ya ce a roƙa masa gafara, ya nuna masa wajen Tsuntsuwa ya ce a roƙa wa shahidai rahama, sa'an nan ya hana shi ɗibar ƙasar ko ɗaya daga cikinsu. Allah Shi ne Mafi sani.